Haihuwa Bayan Shekaru Sun Ja: Me Gwaji Ke Iya Faɗa, Kuma Yaushe?

Laccar da aka gabatar a Malanville, Jamhuriyar Benin, a gaban malamai, 'yan kasuwa, ungozomai da ma'aikatan lafiya



Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu masu sarauta, Allah ya ja zamaninku. Iyayena mata, hajiyoyin kasuwa, ungozomai da abokan aikina na asibiti, barkanku da war haka. Baƙinmu da suka ƙetaro kogi daga Gaya, da waɗanda suka taso daga Kamba, Karimama da Kandi, sannunku da hanya.

Maganar da aka ɗora mini tana da nauyin faɗa a gaban manya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan kira abubuwa da sunayensu. Wanda ya ji kalmar da ta yi masa tsauri ya yafe mini.

Idan likitan Faransa ko na Ingila ya ce mace ta makara da ɗaukar ciki, yawanci yana nufin mai shekara 38 da ta gama karatu, ta kama aiki, yanzu take neman ɗan fari. Mu a bakin kogin Kwara lamarin ya sha bamban. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Benin a 2017 zuwa 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai 5.7, na Nijar na 2012 ya ce 7.6. Matan da suka kai wannan adadi da yawansu suna haihuwa har bayan shekara 35. Don haka mata iri uku ne ke zuwa mana. Akwai mai 'ya'ya takwas da cikin auta ya zo mata ba shiri, tana jin kunyar a gan ta a layin awo tare da 'yarta. Akwai bazawarar da ta shiga sabon gida, tana son ta ajiye ƙwai a can kafin kishiya da dangin miji su fara ƙus-ƙus. Sai wadda ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, ta shekara goma sha ana kiranta juya a bayan ido. Buƙatunsu sun bambanta, amma abu ɗaya ne ke cutar su duka ukun, shi ne zuwa a makare. Kusan kowane gwaji da kowane magani da zan ambata yau yana da ranar da ƙofarsa ke rufewa.

Mu fara daga tushe. Ana haifar 'ya mace da ƙwayayen haihuwarta gaba ɗaya, tsakanin miliyan 1 da miliyan 2, kuma jikinta ba ya ƙara ƙera ko guda. Lokacin da ta balaga saura kamar 300,000 zuwa 400,000. A shekara 37 sun dawo wajen 25,000. Idan suka kusa 1,000 sai al'ada ta ɗauke, a kusan shekara 50. Shi namiji jikinsa kullum cikin ƙera sabon iri yake, kowane zubi yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya nuna.

Raguwar yawa rabin labarin ne. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. A jikinsu aka rubuta gadon kama, da launi, da irin jini. Kafin ƙwan mace ya haɗu da maniyyi dole ya raba nasa 46 gida biyu, ya riƙe 23 cif. Abin mamaki shi ne, ƙwan yana fara wannan rabo tun yarinyar tana cikin mahaifiyarta, sai ya tsaya a tsakiya, ba zai ci gaba ba sai watan da layinsa ya zo. Ƙwan da ya fito daga mai shekara 42 ya yi shekara 42 yana jira da aiki a hannu. Idan ya zo ƙarasawa, sau da yawa rabon ba ya yin daidai, ya tafi da 24 ko 22. Daga wannan kuskure guda abubuwa uku ke fitowa: ciki ya ƙi shiga, ko ya shiga ya zube, ko a haifi ɗa da lalura.

Ga lissafin da likitocin haihuwa ke aiki da shi. Lafiyayyar mace mai shekara 30, a kowane wata damar ta ɗauki ciki kamar 20 ce cikin 100. A shekara 40 ta sauko kusan 5 cikin 100. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya bi sawun ciki sama da 400,000 a ƙasar Nowe, ya gano ɓari yana samun kashi 10 cikin 100 na masu shekara 25 zuwa 29, amma daga 45 zuwa sama ya haura rabi. Ku lura, ganin al'ada duk wata ba shaida ce ta cewa ƙwan yana da ƙwari ba. Haihuwa kan tsaya shekaru da dama kafin jini ya ɗauke.

Na san za a tuna mini da Annabi Zakariyya, alaihis salam, da Nana Saratu matar Annabi Ibrahim. Gaskiya ne, kuma babu likitan da ke da mabuɗin mahaifa. Amma Allah gafarta malamai za su gyara mini, an ba mu waɗannan labarai ne a matsayin aya, abin da ya saɓa wa yadda aka saba gani. Mu roƙa, mu kuma tashi.

Yaushe ake tashi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ma'aurata suka shekara guda suna tare, ba tare da wani tsarin hana ɗaukar ciki ba, kuma shiru, to a bincika. A rahotonta na 2023 ta ce mutum 1 cikin 6 a duniya yana gamuwa da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, talaka da mai kuɗi. Idan matar ta wuce 35, wata shida kawai ake jira. Idan ta kai 40 ba a jira ko kaɗan. Abin da nake gani kuwa, shekara biyu na farko haƙuri, na biyu rubutu da tsimi da turare, wata shekarar wajen mai magani a ƙauyen da ake ba da labarinsa, asibiti shi ne zangon ƙarshe. Ba na raina addu'a, ni ma ina yi. Abin da nake ƙi shi ne a jera su ɗaya bayan ɗaya alhali ana iya haɗa su rana guda. Sannan iyayena ungozomai, yankan gishiri bai taɓa buɗe wa kowa hanyar haihuwa ba. Yoyon fitsari da tabo yake bari. Haka tura garin magani ko wani ƙulli cikin gaba.

A yankinmu, abin da ya fi toshe haihuwa ba shekaru ba ne su kaɗai. Tun 1985 wani babban binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a Afirka mafi yawan matan da suka kasa haihuwa ƙwayoyin cuta ne suka lalata musu bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa ba a warkar da shi da kyau ba, zazzaɓin bayan haihuwa a gida, ɓarin da ba a wanke ba. Shi ya sa za ka ga mace ta haifi ɗaya ko biyu lafiya, daga nan ɗif. Bututun da ya yi tabo bai toshe duka ba kuma shi ke kawo ciki a wajen mahaifa, wanda kan fashe ya kashe mace cikin sa'o'i.

Akwai wata cuta da nake so mutanen Malanville su riƙe da kyau, wato tsargiya. Mun saba ɗaukarta ciwon yara maza masu wanka a kogi, su yi fitsarin jini, a ce girma ne. Ita tsutsar ba ta san namiji ko mace ba. Yarinyar da ta tashi tana wanki a bakin Kwara, da matar da ke tsaye cikin ruwa a fadamun shinkafa, ƙwayayen tsutsar kan maƙale musu a bakin mahaifa da cikin bututu. Alamominta, ƙaiƙayi da fitar ruwa da ganin jini bayan saduwa, sun yi kama da na sanyi, sai a yi ta ba mace maganin sanyi shekara da shekaru, mijin kuma yana zarginta. Maganin tsargiya, praziquantel, yana da araha, yana kashe tsutsar, amma ba ya goge tabon da ya riga ya zauna. Idan kin taso a bakin ruwa, faɗa wa likita ko bai tambaye ki ba.

Sai ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a baƙar fata kuma yana girma da shekaru. Mace mai 43, al'ada ta fara wasa, mara ta ɗaga, sai a ce ciki ne ya kwanta, a yi ta jiran ya tashi. Hoton ekografi na minti goma ya isa ya raba gardama. 'Yan damfara sun gano wannan rauni namu: a watan Nuwamba na 2024 sashen binciken BBC ya tona asirin wasu a jihar Anambra da ke yi wa mata allura, su ce musu suna ɗauke da cikin da na'ura ba ta gani, daga bisani a miƙa musu jaririn wata. Duk wanda ya ce miki kada ki je hoto, ki kama jakarki ki fita.

Yanzu alhazai, na zo kanku. A kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi wuya, akwai hannun namiji a ciki, shi kaɗai ko tare da matar. Wata baiwar Allah, ba daga garin nan ba, ta taɓa shigo mini da leda cike da takardun gwaji da kwalayen clomifene, maganin nan na sa ƙwai ya fito, wanda take saye a kasuwa tana sha wata bayan wata ba da umarnin kowa ba. Aurenta na biyu ne, ta shige shi tana 38, ta zo mini tana 42. Na juya takardun kaf, babu ko ɗaya mai sunan maigida. Da ƙyar aka shawo kansa ya zo. Ya zauna yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Likita, ni fa 'ya'yana uku da uwargida." Na ce, "Alhaji, Allah ya raya su. Autan shekararsa nawa?" Ya ɗaga kai yana lissafi, ya ce sha ɗaya. Ɗakin ya yi tsit. Gwaji ya nuna irin ya yi ƙaranci ƙwarai. Nasa yana da magani. Shekaru huɗun da ita ta rasa ne babu kantin da ake sayar da su.

Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi a duk wannan fanni: a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba da ruwan a ɗakin gwaji, babu allura babu yanka. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙarfin iri daban. Tsohon ciwon sanyi, hangum bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, taba, da taramol ɗin da ya zama ruwan dare a tasha da wurin dako, duk suna rage shi. A wajena, kuskure ne a kai mace hoton bututu, mai zafi da tsada, kafin a ga takardar mijinta.

Mu shiga gwajin gado. Mutane da sun ji wannan sai hankalinsu ya tafi na'urorin Turai. Ni kuwa gwajin gado mafi amfani ga wanda ke zaune a nan shi ne na sikila, amosanin jini, kuma ba sai an je nesa ba. Ba ruwansa da shekaru, amma na sako shi ne saboda auren bazawara da auren ƙari su aka fi ɗaurawa ba gwaji. A ce ai kowa ya haihu a baya lafiya. Ta haihu lafiya da wancan mijin ne, wannan jininsa daban. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ya zo SS, kuma kowane ciki da nasa rabon, ciki ba ya tuna abin da na gabansa ya fito da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa a Najeriya kaɗai ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara.

Ga inda namu ya bambanta da na Kano ko Katsina. Ban da S akwai wani nau'in jini da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso, arewacin Gana, Togo da nan Benin. Mai AC lafiyarsa lau. Amma idan ya auri AS, 1 cikin 4 na iya zuwa SC, ita ma sikila ce. Takan yi sauƙi a ƙuruciya, daga baya ta taɓa ido da ƙashin ƙugu, ta kuma wahalar da mace in ta yi ciki. Ku duba takardarku. Idan an rubuta test d'Emmel, wannan S kaɗai yake gani, makaho ne ga C. Sai a ce wa saurayi ba shi da komai, ya auri AS da kwanciyar hankali. Wanda za ku nema shi ne elektroforez na jini, shi ke fitar da AA, AS, AC, SS, SC dalla-dalla. Kada a yi shi cikin wata uku da ƙarin jini, don jinin wani zai ruɗa sakamakon. Jihar Kano ta sa hannu kan dokar tilasta gwajin kafin aure a watan Mayu na 2024. Mu ba sai mun jira doka ba. Limamin da zai ɗaura aure ya tambaya ya wadatar. Gidan da ake auren zumunci kuma, musamman in an taɓa rasa jarirai da ciwo iri ɗaya, ko akwai kurame da yawa a dangi, a gaya wa likita tun kafin ciki.

Abin da ke da alaƙa da shekaru kai tsaye shi ne kuskuren rabon nan na kuromosom. Wanda aka fi sani shi ne lalurar Down, da wasu ke sakawa cikin abin da ake kira galahanga. Likitan Ingila John Langdon Down ya siffanta ta a 1866. A 1933 Lionel Penrose ya nuna tana bin shekarun uwa. A 1959, a birnin Faris, Marthe Gautier, Jérôme Lejeune da Raymond Turpin suka gano sanadin: kuromosom na 21 ya zo guda uku maimakon biyu. Yaron yakan zo da laushin jiki, jinkirin zama da tafiya da magana, kuma kusan rabinsu da matsalar zuciya. A wasu gidaje a ce ɗan ruwa ne, ko uwar ta tsallake wani abu da almuru. Ɗan mutum ne, ɗanku ne, zare ɗaya ya ƙaru masa. A shekara 25 lamarin kamar 1 ne cikin 1,200. A 35, wajen 1 cikin 350. A 40, 1 cikin 100. A 45, kusan 1 cikin 30. Ku juya lissafin kuma: mata 100 masu shekara 40, 99 'ya'yansu ba za su zo da ita ba. Kada wata ta fita daga nan da fargaba.

Gwaje-gwajen cikin ciki kashi biyu ne, kuma ku mutanen iyaka za ku fi kowa gane bambancin. Akwai ɗan duwan da zai leƙa mota daga waje, ya duba takardu, ya ce wannan ta wuce, waccan ta tsaya gefe. Akwai kuma wanda zai sa a kwance tamfol a sauke buhu ɗaya bayan ɗaya. Na farko zato yake yi, yakan tsayar da mai gaskiya, wani lokaci mai laifi ya wuce shi. Na biyu ne ke tabbatarwa, amma kaya na iya lalacewa wajen saukewa.

A kashin zato akwai hoton ekografi tsakanin mako na 11 da ƙarshen na 13, inda ake auna kaurin ruwan da ke ƙeyar ɗan tayi, a haɗa da gwajin jinin uwa da shekarunta. Ba kowane mai na'ura ya iya wannan awo ba, sai wanda aka horar. Don haka ku tambaya kafin ku biya. Akwai kuma sabon gwajin jini. A 1997 Dennis Lo, masani ɗan Hong Kong, ya gano cewa ɓurɓushin gadon ɗan tayi yana yawo a jinin uwa, kuma daga 2011 aka fara amfani da wannan a asibitoci. Daga mako na 10 ake ɗibar jini a hannu, yana kama sama da 99 cikin 100 na masu lalurar Down, da mafi yawan masu ƙarin kuromosom na 18 da na 13. Ana samunsa a Legas da Abuja, kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma duk ƙwarewarsa zato ne. Wanda aka saba yi ba ya duba sikila, ba ya ganin ramin zuciya. Sai babban hoton mako na 18 zuwa 22, wanda ke duba kai, kashin baya, zuciya, ƙoda da inda mabiyiya ta zauna. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki komai ba sai abu ɗaya, wannan ya riƙe.

A kashin tabbatarwa, ana shiga da siririyar allura, ana kallon na'ura, a tsinko ɗan ƙanƙanen yanki na mabiyiya tsakanin mako na 11 da na 14, ko a zuƙo ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki daga mako na 15. Su ne ke faɗin gaskiyar kuromosom, su ne kuma ke iya cewa ɗan SS ne ko AS. Cibiyar gidauniyar sikila da ke Idi-Araba a Legas ta daɗe tana wannan. Haɗarin ɓari a hannun ƙwararre bai wuce 1 cikin 200 ba.

To ku haɗa waɗannan makonni da halinmu. Mace takan ɓoye ciki saboda kunya da tsoron baki, ba ta zuwa awo sai ya motsa, wata na biyar. Daga nan zuwa asibitin koyarwa na Parakou tafiyar sama da kilomita 300 ce, Kwatano sama da 700. Hanyar Yamai kuwa, tun da aka rufe gadar kogin nan a 2023, kun fi ni sanin abin da ƙetarewa ta zama. Wadda ta zo a mako na 20, rabin ƙofofin nan sun rufe.

Tambayar da ta fi allura zafi ita ce: in an sani, sai a yi me? Dokar Benin tun 2003 ta yarda a katse ciki idan ɗan tayi yana da mummunar lalura, aka faɗaɗa ta a 2021. A Najeriya sai don ceton ran uwa. Doka daban, addini daban. Mazhabar Malikiyya da muke bi ita ce mafi tsanani, sanannen ra'ayinta hani ne tun daga shigar ciki. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1990, ta yi rangwame kafin kwana 120, bisa sharaɗin kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da naƙasa mai tsanani da ba ta da magani, kuma iyayen su nema. Malamai da yawa ba sa ganin lalurar Down ta cika wannan sharaɗi, tunda yaron yana rayuwa, yana koyo, yana sanin masoyansa. 'Yan uwanmu Katolika haninsu gaba ɗaya ne. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Shawarata ita ce miji da mata su zauna kafin a ɗebi jini, su yanke abin da za su yi da kowace amsa. Wanda ya ga sanin ba zai ƙara masa komai ba sai rashin barci, yana da haƙƙin ya ce a bar shi, kada likita ya matsa masa.

Duk da haka sani yana da amfani ko ga wanda zubarwa ba ta taɓa zuwa ransa ba. Za a shirya haihuwa inda akwai likitan yara, a duba zuciyar jariri da maƙoshinsa da wuri. Ɗan sikila da aka san shi tun jariri, aka fara masa penisilin da rigakafi da gidan sauro, rayuwarsa ba ɗaya take da ta wanda sai ya kumbura hannu aka gane ba. Aikin da cibiyar Farfesa Mohamed Chérif Rahimy ta fara a Kwatano tun 1993 ya nuna haka. Uwa kuma ta tsira daga zargin dangi.

Dashen ƙwai, da takardun Faransanci ke rubutawa FIV, na Najeriya IVF, ba zan daɗe a kansa ba. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, kuma a 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi nasararsa a Abuja. Azhar ta halatta shi a 1980, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi a Amman a 1986, da sharaɗin ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, aure yana nan, babu na uku a tsakani. Ga mai toshewar bututu rahama ce. Ana ma iya gwada ɗan tayin kafin a dasa, a zaɓi wanda ba SS ba. Amma ba ya mayar da tsohon ƙwai sabo. Alƙaluman Birtaniya na 2019 sun nuna kowane dashe yana kai wa ga haihuwa kashi 32 cikin 100 ga 'yan ƙasa da 35, kashi 11 ga masu 40 zuwa 42, kashi 5 ga masu 43 zuwa 44. Kafin ka sayar da gona ko mota, tambayi asibitin: mata masu shekarun matata nawa suka tafi gida da jariri, da ƙwansu na kansu? In mace ta haura 45 aka yi muku alkawari mai daɗi, ku tambaya ƙwan na wa.

Hausawa na cewa haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Mun yi ta maganar ɗan, saura uwar, kuma a asibitocinmu ita muka fi rasawa. Bayan 35 hawan jini da jijjiga, ciwon suga na ciki, mabiyiya ta tare hanya, da ɓallewar jini bayan haihuwa duk suna ƙaruwa, balle ga mahaifar da ta ɗauki takwas. Tagwaye ma sun fi zuwa da shekaru, ga shi wani bincike na 2011 ya sa Benin a gaba cikin ƙasashe masu tasowa da aka duba, da haihuwar tagwaye kusan 28 cikin 1,000. Maganin waɗannan a kusa yake. Ƙwayar folik asid, mikirogiram 400 kullum, a fara tun kafin ciki, domin kashin bayan ɗan tayi yana rufewa cikin kwana 28 na farko, kafin mace ta tabbatar ta yi ɓatan wata. A auna hawan jini da suga kafin ciki. A san rukunin jini. Mai rezus negatif tana buƙatar allura cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Awo takwas, na farko kafin mako na 12. Wadda likita ya ga tana cikin haɗarin jijjiga zai ɗora ta kan ƙaramin asfirin, amma kada ta ɗora kanta. Haihuwa a asibiti mai ɗakin tiyata da jini. A Benin gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa tun 2009, kuma asibitin yankinmu yana nan cikin gari. Ranar da al'ada ta zo ta ƙarshe kuma a rubuta ta, ko da watan Musulunci ne, mu za mu juya. Duk lissafin makonnin nan daga ita yake farawa.

Shugaban taro ya nuna mini agogo. Za a zaga da takardu, wadda nauyin baki ya hana ta tambaya a fili ta rubuta, ko ta raɗa wa ungozomar da ke kusa da ita, ba sai an sa suna ba. Masu takardun gwaji a jaka su same ni a ɗakin baya bayan la'asar, kuma wadda maigidanta yake nan ta taho da shi.